Hajiya Atika da Rawar da Ba a Haddacewa

Ɗakin Hajiya Atika shi ne na ƙarshe a gidan yayanta Malam Yahuza da ke Ikara. Mai zuwa wurinta sai ta ratsa zauren da Malam ke ba magidanta karatu da hantsi, ta wuce tsakar gida, ta bi ta bayan rumbu da turken awaki, sannan ta ji ƙamshi. Abin da gari ya sani, ita mai turaren wuta ce da humra, tana kuma yi wa amare dilka. Abin da ba a faɗa da ƙarfi shi ne tana koya wa 'yan mata rawar Larabawa, wadda ake yi da ƙugu da kafaɗa a taron mata zalla, ƙofa a rufe.

Ni na kai mata ƙanwata Firdausi, saura mako biyar bikinta.

Wata huɗu kafin nan masu bindiga sun tare motarmu, ni da Firdausi, muna dawowa daga karɓo takardar digirina. Ni na ce ta raka ni. Kwana goma sha ɗaya muka yi a daji kafin a karɓo mu. A can, duk lokacin da aka daka tsawa ko aka yi harbi, doka ce mu durƙusa mu ɗora hannu biyu a ka. Mun dawo gida, amma jikin Firdausi bai daina bin dokar ba. Ranar da wasu dangin Muttaka, wanda zai aure ta, suka zo mana jaje daga Kudan, ta shigo da tiren ruwa, sai salansar wani babur ta fashe da ƙara a waje. Kofuna suka watse. Baƙi suka ga amaryarsu a ƙasa, hannu a ka, ido a rufe, ana kiran sunanta ba ta amsawa. Kafin su kai gida labarin ya riga su, ya kuma ƙaro abin da ba a yi ba. Aka ce yarinyar ta dawo da taɓuwa.

Muttaka bai canza magana ba. Amma maraya ne, Gwaggo Zulai ce ta riƙe shi tun yana goye, kuma mijinta ne waliyyinsa. Ta aiko cewa za ta zo wuni ranar Alhamis ta ga yarinyar da idonta. Ɗaurin aure washegari ne, bayan an sauko Juma'a. Ba ta ƙara komai a kan saƙon ba, amma kowa ya gane: idan abin da ta gani bai yi mata ba, babu motar da za ta taso daga Kudan ranar Juma'a.

Tun kafin abin ya same mu, Firdausi da ƙawayenta huɗu sun shirya yin abin da 'yan mata ke kira Arebiyan a ranar wunin, a sa abaya, a turara gida, amarya ta fito tsakiya ta taka. Umma ta ce a soke. Firdausi ta ce idan aka soke za a ce ɓoye ta ake yi, gara ta fito a gan ta. Tun dawowarmu ban ji ta haɗa magana mai tsawon wannan ba. Umma ta dube ni ta ce to in tashi in kai ta wurin Atika, ni ma na sha iska, zaman ɗakin ya isa haka.

Mun same ta zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana jujjuya itacen turare a kasko, gajeriyar mace mai jiki, ta haura sittin, sandarta jingine da bango. Aka gaisa, ta tambayi Umma, ta tambayi gajiya, ta yi mana barka da arziki sau ɗaya ba ta maimaita ba. Na gode mata a raina, don mutane sun saba su riƙe hannunmu su yi ta kallon fuskarmu. Na zaɓi wurin da nake ganin ƙofa na zauna.

Hajiya ta ce wa Firdausi da ƙawayenta da suka biyo mu su nuna mata abin da suka iya. Ummukulthum, babbar ƙawar Firdausi, ta kunna bidiyo a waya ta rage murya, su biyar suka jeru. Sun yi wata uku suna koyon rawar daga bidiyon wata Balarabiya, kuma sun iya ta tsaf, ƙafa tare, hannu tare, juyi tare. Can a tsakiya sai duk su biyar suka kai hannu kunnen hagu, suka ɗan murza, suka ci gaba.

Hajiya Atika ta ce a tsaya. Ta tambayi ma'anar kama kunnen. Ummukulthum ta ce haka yake a rawar. Hajiya ta karɓi wayar, ta nisanta ta da idonta, ta sa aka mayar da wurin sau biyu. Sai ta fara dariya har haƙorin Makkanta ya fito.

"Ɗan kunnenta ne zai faɗi, 'yan nan. Baiwar Allah tana gyara abinta, ku kuma wata uku kuna taya ta gyarawa. Kun haddace karatu har da tarin malam."

Ƙawayen suka yi dariya. Firdausi ba ta yi ba, ni ma haka. Hajiya ta ce hadda a allo take da kyau. A fili, da zarar an ɗauke wuta ko wata ta gitta ta gabanki, sai ki tsaya kamar an dasa ki, ki rasa inda za ki kama. Ta buɗe wani kwano mai murfi ta sa kowa ta jefa wayarta ciki, har ni. Daga ranar ba a sake kunna bidiyon ba.

Labarinta a gutsure na same shi, a ranakun da muke riga ƙawayen zuwa muka iske ta tana aikin turare. A Janfalan aka haife ta, gidan malamai masu noma. Ta yi aure a Makarfi da wani mai dafa mazarƙwaila, Mamuda, suka shekara goma sha shida Allah bai ba su haihuwa ba, ciwon ciki ya yi ajalinsa ana tsakar yankan rake. Bayan takaba ta sayar da awakinta da gadonta na ƙarfe ta bi wasu mata Umara. Da aka tashi dawowa, ita ba ta dawo ba. Shekara goma sha bakwai ta yi a Jidda ba takarda. Ta yi wanke-wanke, ta yi raino, daga baya ta samu aiki a wani ɗakin taron biki, ɓangaren mata. Aikinta tsayuwa a bakin ƙofa, ta karɓi abayar kowace baƙuwa ta rataye, ta karɓe waya mai kyamara don kada hoton matar wani ya fita.

Ta ce babu wanda ya taɓa koya mata taku ɗaya. Daga bakin ƙofar ta koya, shekara goma tana kallo. A can mata ne ke kiɗa da bandiri, kuma ba sa gaya wa kowa inda za su juya. Ta ga 'yan mata kyawawa da aka koya wa rawa, suna fitowa su zazzage duk abin da suka iya cikin minti ɗaya, sannan su tsaya suna murmushi suna neman hanyar kujera. Ta kuma ga wata tsohuwa, kakar wani ango, da ta fito da ƙyar ta tsaya, har aka zaci ta manta abin da ya fito da ita. Sannan ta ɗaga kafaɗa ɗaya. Ta ce kafin a ankara masu bandirin ne suka koma bin tsohuwar. Ita take kira malamarta, ko sunanta ba ta sani ba.

An kama ta wata safiya ta fita sayen burodi, da silifas a ƙafa. Akwatunanta biyu suna can, ko suna hannun wani. Ta sauka Kano da leda ɗaya, ta hau motar Ikara. Malam Yahuza ya ba ta ɗakin baya. Da 'yan mata suka fara zarya, ya aiko matarsa da magana ɗaya: kada ya ji, kada masu ɗaukar karatu su ji. Bai taɓa tambayar abin da ake yi a ɗakin ba, ita ma ba ta taɓa faɗa masa ba, yau shekara goma sha ɗaya. Shi ya sa gangarta robar wanka ce a kife, an lulluɓe ta da tsohon zane, da 'yan yatsu ake kaɗa ta. A ɗakin ba a tafi, ba a shewa. A shekararta ta uku da dawowa ta faɗo daga babur a hanyar Furana, ƙugunta ya goce, tun daga nan a zaune take koyarwa. Cikin 'yan matan Ikara babu wadda ta taɓa ganin ta yi rawa a tsaye.

Makon farko ta hana su motsi. Za ta kaɗa robar su tsaya su saurara, sai ta tambaye su ɗaya bayan ɗaya a ina suka ji kiɗan, a gwiwa ko a ƙirji ko a tafin ƙafa. Ummukulthum ta ce ita a ciki take jin sa don ba ta karya ba. Hajiya ta ce to ta fara da cikin, ai ko ta karya ko ba ta karya ba shi ke riga ta shiga ɗaki. Daga nan ta ɗaura wa kowa ɗankwali a ƙugu. Wata rana kafaɗa kaɗai aka yarda ta motsa, wata rana ƙugu, wata rana hannu. Ta ce wadda aka ba abu ɗaya dole ta nemo hanya goma ta yin sa, wadda aka sakar wa jiki duka ita ke rasa abin yi. Tana cikin kiɗa mai sauri sai ta koma a hankali ba gargaɗi, ko ta tsaya cak. Idan ta tsaya ba a yarda kowa ta dube ta ba, sai dai ki ƙarasa abin da kika fara, ki sauke numfashi, ki jira. Ƙawayen kuma ta ce su daina jeruwa da amarya, su koma bayanta, duk abin da ta yi su yi, ko sun gane ko ba su gane ba.

A mako na biyu wuyan hannunta ya kumbura. Ta turo mini robar da ƙafa.

"Ke mai digiri, zo ki yi aiki. Kullum kina gadin ƙofa kamar an ce miki za a cire ta."

Na ce ban iya ba. Ta ce ta sani. Na kaɗa, ta saurara, ta ce kiɗana kamar ɗigon famfo, ba daɗi amma ba ya saɓa lokaci, hakan ma ya yi.

Ta san abin da ake faɗa a kan Firdausi, duk gari ya sani. Ta ce mu riƙa zuwa da safe mu biyu, ban da ƙawaye. Ranar farko ta aiki Firdausi ɗebo ruwa a randa, ta ce mini akwai ƙarin aiki: ina cikin kiɗa, duk lokacin da ta taɓa hancinta in saki murfin tukunya a ƙasa. Ƙarar murfi ba za ta dami Malam ba, a kowane gida murfi na faɗuwa. Na ce ba zan iya ba. Ta ce idan ban saki murfi a nan ba, wani zai saki abin da ya fi shi ranar Alhamis ɗin, a gaban mutanen Kudan. Na karɓi murfin.

Na farko da na saki, Firdausi ta zube, hannu a ka. Ina jin murfin yana ta juyi a siminti kafin ya kwanta. Hajiya ba ta tashi ba, ba ta lallashe ta ba, ta yi mini alama in ci gaba da kiɗa. Na ci gaba. Hannuna ne kawai ke aiki, ina kallon bayan wuyan ƙanwata. Da ta ɗago, Hajiya ta ce:

"Ba zan ce ki daina ba, Firdausi, ba ke kike yi ba balle ki daina. Amma abin da jikinki ya yi ba da izininki ba, ki tashi ki sake yin sa da izininki. Mai kallo ba ta san kuskure ba sai fuskarki ta gaya mata."

Firdausi ta ce ba ta son ta sake yin wannan ko da wasa. Hajiya ta ce to, ba dole, ta bar maganar.

Mako uku ana sakin murfi da ludayi, ana buga ƙyauren taga. A hankali Firdausi ta daina kaiwa ƙasa. Takan ƙame, kafaɗunta su haɗe da kunnuwa, sannan ta sauke numfashi ta kama daga inda kiɗa yake. Ana saura kwana uku na saki murfi da tasa tare, ta ƙifta ido kawai. Hajiya ta ce kalas, an gama. Mu uku mun ɗauka babu abin da muka bari.

Ranar Alhamis bayan la'asar aka kafa rumfa a tsakar gidanmu, aka kawo sifika, aka fitar da maza. An ɗauko Hajiya Atika a mota. Ta sa aka ajiye mata kujera a ƙofar shiga, da bokiti a gabanta na zuba waya. Matan Kudan suka iso su tara, Gwaggo Zulai a gaba, doguwa siririya da carbi a hannu. Hajiya ta gaishe ta har da tambayar hanya da yadda rake ya yi bana, sannan ta nuna mata bokitin.

"Har ni, Hajiya?"

"Har ke, Hajiya. Na karɓe wayar matan da ke zuwa biki da direba biyu."

Gwaggo Zulai ta ciro wata 'yar ƙaramar waya mai tocila da aka ɗaure da roba. Hajiya Atika ta juya ta gaba da baya ta miƙa mata abarta, ta ce wannan makauniya ce, ta shiga da ita. Matan Kudan suka yi dariya. Gwaggo Zulai ta ce makauniyar ta fi masu ido rufa asiri, ta wuce ta zauna a layin gaba.

Kiɗan da aka sa, Firdausi ba ta taɓa jin sa ba, Hajiya ce ta zaɓa da gangan. Ta fito cikin baƙar abaya da jan ɗankwali a ƙugu, ƙawaye huɗu a baya. Ta bar kiɗan ya yi nisa ba ta motsa ba, har na ga matan Kudan sun fara kallon juna. Sannan ta fara da hannu. Ban san rawa ba, amma na ga ba ta sauri, ba ta kuma kallon ƙafarta. Da kiɗan ya juya ta juya da shi. Umma tana tsaye a ƙofar kicin, ta manta da marar tuwo a hannunta.

Gwaggo Zulai ta yi kallo kamar minti biyu. Sai ta miƙa wa ta kusa da ita carbinta, ta tashi, ta zagayo ta bayan Firdausi. Burge ta abin ya yi. Ta kama hanci, ta kai baki dab da kunnen amarya, ta rangaɗa guɗa.

Mako biyar muna shiri a gidan da ba a ɗaga murya. Babu wadda ta tuna da guɗa cikinmu, alhali babu bikin da ake yi ba ita. Kuma a kusa haka, ba ta da maraba da ihun matan motarmu ranar da aka tare mu.

Firdausi ta zube, gwiwa a ƙasa, hannu biyu a ka, ido a rufe. Na tsinci nawa hannayen sun kai kafaɗa, na mayar da su na riƙe ƙarfen rumfa. Ƙawayen huɗu suka zube su ma a bayanta, hannu a ka. Kiɗa bai tsaya ba. Na shiga ƙirga bugunsa don ban san abin da zan yi ba. Na dubi bakin ƙofa, Hajiya Atika tana zaune da bokiti tsakanin ƙafafunta, ba ta motsa ba. Na kai ashirin da shida.

Kafaɗar Firdausi ta dama ce ta fara. Ta ɗaga, ta sauka, ta sake ɗagawa a kan kiɗa. Ta buɗe ido ta ga Ummukulthum a durƙushe tana leƙenta ta ƙarƙashin hannu. Ta miƙe a hankali, hannun na nan a ka, ƙugu na tafiya. Ta yi juyi ɗaya. Sannan ta sake sauka ƙasa, da kanta, daidai inda ganga ta faɗi, ta tashi. Ta yi na uku, ƙawaye na bin ta. Mata suka ɗauki tafi. Wata daga cikin na Kudan ta ce wannan salon ba ta taɓa ganin sa ba. Ni na san inda na gan shi. Na tsaya ina kallon ƙanwata tana yin sa ana tafa mata, na jira in ji wani abu a raina, ban ji ba. Na dai lura tafin hannuna ya yi shatin ƙarfe.

Kafin magariba Gwaggo Zulai ta ce a kira mata amarya ɗakin Umma, Hajiya Atika ma ta shigo. Ni na riƙo Hajiya, sai na tsaya daga bakin ƙofa. Firdausi ta durƙusa ta gaishe ta. Gwaggo tana jan carbi ta ce:

"Ni ba yarinya ba ce. Na farkon nan ba rawa ba ce."

"Ba rawa ba ce, Gwaggo."

"Na biyu da na ukun fa?"

"Su ni na yi."

Umma ta fara bayani, cewa abin yana raguwa, ana addu'a, ana shan rubutu. Gwaggo Zulai ta ɗaga mata hannu. Ta tambayi Firdausi ko ta san inda take lokacin da take ƙasa, ta ce ta sani, tashin ne ya gagara. Ta tambaye ta ko ta san wadda ta yi guɗar, ta ce ta sani. Gwaggo ta ce ita an gaya mata yarinya ba ta gane mutane, ba ta magana, har cizo take yi. Hajiya Atika ta ce cizon dai a bari a kai ta Kudan tukuna a gani. Babu wadda ta yi dariya sai Gwaggo Zulai, ita ma gajeriya.

Ta naɗe carbin a hannu, ta gyara mayafi. Ta ce wa Firdausi bayan ɗakin da aka gyara mata akwai injin matse rake na maƙwabta, idan za a tayar da shi da safe yakan yi ƙara sau biyu kamar bindiga, gara ta sani tun yanzu. Za ta sa a riƙa ƙwanƙwasa mata taga kafin a tayar. Daga nan ta juya ta tambayi Umma ƙarfe nawa ake tayar da Juma'a a masallacinmu, don maza su san lokacin tasowa.

Na raka Hajiya Atika mota. A hanya ta ce laifinta ne, daɗewa a ɗakin baya ta sa ta manta yadda biki ke ƙara. Na ce ai an wuce wurin. Ta ce an wuce da ƙyar, ita kuma ba ta son da ƙyar. Daga baya na tambayi Ummukulthum ko sun san abin da ke faruwa lokacin da suka durƙusa. Ta ce ita dai an ce ta bi amarya. Ban sake tambaya ba.

An ɗaura aure ranar Juma'a, aka kai Firdausi Kudan ranar Asabar. A waya ta ce mini makon farko kullum sai ta kai ƙasa, ko an ƙwanƙwasa tagar. Yanzu wata rana ta kai, wata rana ba ta kai ba. Ta ce Muttaka yakan jira ta tashi, su ci gaba da shan koko.

Hajiya Atika tana nan a gidan Malam. Yanzu kowace amarya, ana saura mako ɗaya, takan sa a kai su gidan wata ƙawarta a bakin gari inda babu makaranta kusa, ta tara tsofaffi uku su yi ta guɗa a kunnen yarinya tana rawa har ta saba. Wuyan hannun bai warke ba, don haka Litinin da Laraba ni ke yi mata kiɗa, kafin takardar bautar ƙasata ta fito. Wannan watan amare biyu gare ta, ɗaya daga Furana, ɗaya daga cikin gari.